Mai kawo jatan lande da skwid har gida, sau 4 na saya a hannunta ga yadda muka kwashe

Tun kafin azumi nake cewa zan rubuta wannan abu sai yau Allah ya yi, don mutane sun ishe ni da tambaya tun ranar da na sa hoton suyar nan a WhatsApp, wai ina na samo skwid (abin tekun nan mai ƙafafu da yawa da jakar tawada) haka, wa ya gyara min, nawa ne. To ga amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Wata mata ce ke kawo min, tana sarowa daga Tema can bakin harbo inda masunta ke sauke kaya, ta gyara ta wanke ta ƙulla a leda da ƙanƙara ta ba mai okada ya kawo har ƙofar gida. Oda ta WhatsApp, biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ba zan kama sunanta ba kuma ba zan sa lambarta ba, saboda akwai inda zan yabe ta akwai kuma inda ta ɓata min rai, kuma mai neman abincinta ce ban so in zama sanadin da za a guje ta. Irinta sun yi yawa yanzu a Accra, duk wadda kike saye a wajenta abin kusan ɗaya ne.

Ni a Maamobi nake, gidan haya irin namu na tsakar gida ɗaya, ɗaki da falo, kicin ɗan mitsitsi a baranda, famfo guda na kowa da kowa. Da can in kwaɗayin kayan teku ya motsa min ranar Asabar nake sammako bayan sallar asuba in hau trotro zuwa cikin gari in ƙarasa Jamestown, ƙasan doguwar hasumiyar nan mai ja da fari, in tsaya jiran kwale-kwale. Wanda ya taɓa zuwa ya san ba a hannun masunta kake saye ba, matan nan ne ke fara kwashewa don da yawansu su ke ba da kuɗin man fita, kai kuma ka saya a hannunsu, in kuwa yaren Ga ɗinka irin nawa ne na ojekoo da oyiwaladon kawai, wato ina kwana da na gode, to tun daga gaisuwa an gane ka farashi ya tashi.

Amma wallahi ba zuwan ne ke kashe ni ba, gyaran ne. Kilo 1 na jatan lande sai in yi awa guda a duƙe, cire kai, ɓare ɓawo, tsaga baya da ƙaramar wuƙa a zare baƙin zaren nan (hanjinsa ne, in kin bar shi wani lokaci sai ki ji yashi a haƙori), ga ƙahon da ke kansa mai tsini kamar allura yana ta sukar yatsa. Skwid kuma nasa daban, ki jawo kai da kayan ciki, ki zaro wani dogon abu garau kamar roba da ke cikinsa, ki matse ɗan bakinsa mai kama da na aku, ki saɓule fatar, sannan ga jakar tawada wadda in ta fashe shikenan. Ta taɓa fashe min a kan farin mayafi har yau yana nan na mai da shi tsumman goge-goge. Duk wannan kuma a bakin famfon da mutum biyar ke tsaye da bokiti suna jira suna toshe hanci, wata na cewa maman yara yau ma ƙwarin ruwan ne? Saboda haka da wata abokiyar aikina ta ce ga mai gyarawa ta kawo, ban ko yi ciniki sosai ba na ce a kawo.

Odar farko na tura ranar Alhamis da dare aka kawo Juma'a wajen ƙarfe 11. Jatan lande kilo 1, skwid kilo 1, jan kifi wanda muke ce ma redfish guda 4. Abin da na fara yi da na kwance leda shi ne na kai hanci, ni haka nake, don kayan teku hanci ke fara faɗin gaskiya kafin ido. Ba ƙarni mai tada zuciya, ɗan ƙanshin ruwan gishiri ne kawai kamar kana tsaye bakin teku da safe. Jatan landen da tauri in ka matsa, ba ya dagwargwajewa, an ɓare shi an bar ɗan ɓawon wutsiya don riƙewa, an zare hanji tas, na duba ɗaya bayan ɗaya don neman laifi guda 2 kawai na samu da saura. Skwid fari sol an yanka zobe-zobe, ƙafafun an ware a wata leda. Kifin an kankare an fede an tsaga jikinsa sau uku-uku kowane gefe, idanunsa garau ba su yi hazo ba. Abin da ya fi burge ni kuma ban ma tambaya ba, ta ƙullo min kawuna da ɓawon jatan landen a leda daban. Wannan mace ta san girki, don ɓawon nan in kin shanya shi ya bushe kin daka shi ne ran shito, baƙin yajin nan da ake soyawa a mai, kawunan kuma in an soya su ƙayau sun fi naman daɗi a wajen wasu. Kuɗin okada sidi 30 na biya, kayan kuma in na kwatanta da abin da nake saye da kaina ta ɗora kamar kashi ɗaya cikin huɗu. In na cire kuɗin trotro zuwa da dawowa da rabin yinin Asabar da ciwon baya ni dai ban ga tsadarsa ba.

Yanzu bari in tsaya kan suyar don nan ne mutane ke ɓata kaya mai kyau sannan su ce mai sayarwa ce. Abu na farko ruwa. In kin wanke ki zuba a kwando ya tsane sannan ki shimfiɗa a kan tsumma mai tsabta ki danna wani a sama ki tsotse ruwan sosai, musamman skwid, don shi in da ɗigon ruwa a jikinsa ya shiga mai harbi yake kamar knockout ɗin yara na Kirsimeti, ga tabo nan a hannuna na dama shaida. Lemun tsami ina sawa amma ba na barin shi ya daɗe, minti 10 ya isa, in ya wuce haka tsamin zai fara dafa naman ya yi fari ya tsuke tun kafin ya ga wuta. Kayan haɗina ba wani abu ba ne, citta ɗanya, tafarnuwa, ɗan masoro, kanumfari ƙwaya 2, gishiri kaɗan da kpakpo shito guda 3 ko 4, koren barkonon nan ƙanana masu ƙanshi, in niƙe su a asanka da tapoli, kaskon niƙa na yumɓu da 'yar taɓaryarsa. Albasa ba na sawa a nan don ruwa take kawowa kuma tana saurin ƙonewa a mai.

Garin da nake birkima su ciki fulawa ce da garin masara rabi da rabi, wani lokaci in na ga dama in tankaɗe garin rogo da rariya mai laushi in ƙara cokali 2, shi ke ba da garas-garas ɗin nan da yara ke so. Ba ƙwai ba ruwa, a bushe kawai, ki zuba a leda ki jefa skwid ɗin ki girgiza ki kakkaɓe. Mai kuma ya zama da yawa har ya nutsar da su, ni Frytol nake amfani da shi, kuma ya yi zafi sosai, masu ma'auni suna cewa kamar digiri 180, ni ba ni da ma'auni, bakin muciya nake tsomawa in na ga ƙananan kumfa sun taso sun kewaye ta da sauri to ya yi. Kuskuren da kowa ke yi har ni a da shi ne juye duka lokaci ɗaya don a gama a huta. Kina juyewa zafin man ya faɗi, kayan su saki ruwa, maimakon suya ya koma dahuwa, garin ya saɓule ya kwanta a ƙasan kasko yana ƙonewa. Hannu ɗaya-ɗaya ake zubawa. Skwid bai wuce minti 2, ni ma ba na barin shi ya kai, da ya ɗan yi ruwan zuma nake kwashewa, in kin ce bari ya ƙara yin ja to kin soya robar silifa. Jatan lande minti 2 zuwa 3, ki dubi yadda ya lanƙwashe, in ya yi kamar jinjirin wata ya yi daidai, in ya haɗe baki da wutsiya ya zama zobe an wuce wurin. Kifin ne ƙarshe don shi ke ɓata mai, kuma shi kar ki taɓa shi sai gefen ya ƙame da kansa ya saki kasko.

A kurfoti, murhun gawayi, na yi suyar a tsakar gida don in na yi a baranda labule da katifa sai sun kwana 3 suna ƙarni. Gawayi ma ya fi gas ɗina ƙarfin wuta in an fifita shi da kyau. Na aiki yaro ya sayo dokunu mai zafi irin na Ga na ɓawon masara, na niƙa ɗanyen barkono da tumatir da albasa, ga shito a gefe, muka baje tabarma bayan an sauko daga masallaci.

Surukata tana wajenmu lokacin, ta zo daga Kumasi ganin likitan ido. Ita fa duk abin da ba shi da ƙaya irin ta kifi ba ta yarda abinci ne ba, tarwada da karfasa ta sani sai busasshen kifi a miyar kuka. Ta leƙo faranti ta ce ke 'yar nan mene ne wannan mai ƙafafu kamar kunama, halal ne ma kuwa? Maigida ya ce Mma ai mu Malikawa duk abin da ke rayuwa a teku halal ne a wajenmu, 'yan Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Ta ce ita ba ta tambaye shi karatu ba. Ni kuma na ce Mma ba kya cin fara? Ta ce tana ci mana. Na ce to wannan farar ruwa ce, na ɗauko kan jatan lande ɗaya da ya soyu ƙayau na barbaɗa masa yajin ƙuli na miƙa mata. Ta juya shi ta juya, ta yi bisimilla ta gatsa, ta yi shiru tana tauna, can ta ce ba laifi amma fara ta fi shi maiƙo. Ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai kwanon kawunan a gabanta ya ƙare. Skwid kam ko taɓawa ba ta yi ba har ta koma.

To oda ta 2 ce ta kawo matsala. Ina da baƙi ranar Laraba da rana, na tura tun Litinin na ce a kawo Laraba da safe, ta ce ba damuwa Hajiya. Laifina a nan shi ne na manta cewa masunta a bakin tekun nan ba sa fita ranar Talata, al'ada ce tun kaka da kakanni, kowa a Accra ya sani, ke nan safiyar Laraba ba lokacin sabon kaya ba ne. Laifinta kuma shi ne ita da ke cikin harkar ba ta gaya min ba. Ƙarfe 9 aka ce, mai okada bai iso ba sai ƙarfe 1 saura, wai go-slow a motowe, wannan ban riƙe shi ba duk mai bin hanyar Tema ya san halinta. Amma da na buɗe sai ga jatan lande a dunƙule kamar dutse kowane ɗaya sanye da rigar ƙanƙara, girmansu ɗaya sak kamar an auna da ruwla, wanda ya saba ya san wannan na kwali ne daga kol-sito, ɗakin sanyi da ake ajiye daskararren kifi. Na kwali ba haram ba ne, ina saye, kifin da muke kira salmon a nan wanda 'yan Najeriya ke ce ma titus ai kusan duk na kwali ne muke ci kullum, kuma wanda aka daskarar da wuri ya fi sabon da ya yini a rana. Amma a gaya min, kuma kar a karɓi kuɗin sabo. Na zuba shi a ruwan sanyi ya saki, na tsane na ɗora a sikelin da nake auna fulawa, kilo 1 ya koma giram 750. Wato rubu'in kuɗina ƙanƙara na saya. A kasko ma ya nuna hali, duk tsanewar da na yi yana ta fitar da ruwa, garin ya ƙi kama shi, ƙarshe na fasa suyar na juye shi a cikin jolof don kar in ji kunyar baƙi.

Na ɗauki hoton sikelin na tura mata. Da farko ta tsaya kan cewa sabo ne firiza ɗinta ce ke da ƙarfi, na ce Anti don Allah mu bar wannan, ni ma Jamestown nake zuwa kafin in san ki. Ta yi shiru har dare sannan ta turo murya tana ba da haƙuri, ta ce ba ta samu kaya ba kuma ba ta so ta ce min babu tunda ina da baƙi, za ta cika min a oda ta gaba. Na fi son a ce min babu wallahi, da na san babu da kaza zan saya a kasuwar Nima tunda Laraba ce ranar kasuwa ma, in huta.

Na yi kusan wata 2 ban saya ba, fushi nake. Da na koma na sa sharaɗi, a auna min bayan an gyara kuma kafin a sa ƙanƙara, a turo hoton sikeli, in babu sabo a faɗa. Ta yarda, kuma ta ƙaro min skwid kusan rabin kilo a madadin wancan, duk da ni jatan lande aka ci min ba skwid ba, amma na bar maganar. A wannan karon na gwada oktopus, ɗan'uwan skwid mai ƙafa takwas, don babbar 'yata ta ci a bakin ruwa a Labadi ta dame ni. An wanke shi da kyau ba santsi ba yashi a cikin 'yan kofunan ƙafarsa, wannan aikinta ne ta yi shi. Ɓarnar tawa ce, na ɗauka kamar skwid ne na yanka na jefa a mai, muka yi ta tauna kamar ganda ɗanya har muƙamuƙi ya gaji. Ashe shi sai an tafasa shi tukuna a wuta kaɗan-kaɗan kamar minti 45 zuwa awa 1 har tsinke ya shige shi ba gardama, ya huce a ruwansa, sannan a yanka a ɗan watsa shi a mai ya ƙame. Sauran rabin da na yi haka washegari ya yi laushi har autana mai shekara 4 ya ci. Da ta rubuta wannan ko a layi ɗaya ne ta haɗo da kayan da ta kyauta, don ba kowa ya taso da cin waɗannan abubuwa ba, mu 'yan zango da yawa a girma muka koya.

Akwai wani ɗan ƙullin kayan haɗi da take sakowa kyauta, ni dai ba na amfani da shi, gishiri da magi sun yi yawa, kayan teku kuma da ɗan gishirinsu suke zuwa, sau ɗaya na gwada muka kwana shan ruwa. Ledarta ma siririya ce, sau 2 tana yoyo mai okada ya iso da jakarsa jiƙe yana ta mita. Kuma ba ta amsa saƙo da wuri, sai ki tura da safe ki ga amsa da la'asar, inaga lokacin tana bakin ruwa hannu duk ƙarni.

Wani abu da ta gaya min da kanta a oda ta 4, kuma na ji daɗi ta fara faɗa tun kafin in tambaya, shi ne a watan Yuli da Agusta in sa ran skwid da manyan jatan lande za su yi wuya su yi tsada, don a 'yan shekarun nan gwamnati na hana manyan jiragen tirola fita a wannan tsakanin saboda kifi ya samu ya hayayyafa. Amma lokacin ne kuma ruwan teku ke sanyi ƙananan kifin nan amane ke cika gari, har zuwa Satumba, ta ce in ina so za ta riƙa kawo min shi a gyare. Wannan kam na ce a'a, amane ba sai an kawo min daga Tema ba, lokacinsa ko ina ka juya a kan tire yake, kuma gyaransa minti 5 ne. Redfish ma na daina sa shi a oda, ina samun mai kyau kusa kuma masu sayarwa suna kankare min a wurin. Skwid da jatan lande da oktopus su ne abin da ya cancanci a biya wani ya gyara.

In za ki gwada, ki yi oda ta Alhamis ko Juma'a ko Asabar, ki bar Talata da safiyar Laraba, ki ce a haɗo miki da kawuna da ɓawo, kuma ki soya a ranar, kar ki dogara da firij da wannan wuta tamu mai zuwa da tafiya. In kin buɗe kin ji wani wari mai hawa kai kamar na fitsari ki mayar, wannan ya riga ya juya, ba lemun tsamin da zai gyara shi. Sannan a kula da yara da baƙi karon farko, wasu jikinsu ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa, ɗan maƙwabciyata guda 2 kacal ya ci leɓensa ya kumbura jiki ya fito da ƙuraje sai da aka kai shi asibiti, tun daga ranar ba na miƙa wa ɗan kowa sai na tambayi uwarsa.

Jiya Mma ta kira daga Kumasi, bayan gaisuwa da tambayar yara ta ce wai in mai zuwa ya samu in aiko mata da shito irin wanda na yi da ɓawon abin nan, ba ta dai kama sunansa ba. Na riga na tura wa Anti saƙo ta tara min ɓawo na kilo 2 zuwa Juma'a, tun safe ne har yanzu ba ta buɗe ba.